INSARAG: Tarihin Ƙungiyoyin Ceto na Ƙasa da Ƙasa

INSARAG ita ce inuwar da ta haɗa ƙungiyoyin da ke zaune cikin shiri don tono mutane daga ɓaraguzan gine-gine idan bala'i ya auku a wata ƙasa. An kafa ta a 1991, kuma sakatariyarta tana birnin Janiba, ƙarƙashin OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ayyukan jinƙai.

Tushenta yana Armeniya. Ranar 7 ga Disamba 1988 girgizar ƙasa ta baje garin Spitak, mutum kusan 25,000 suka rasu. Tarayyar Sobiyet, wadda Armeniya ke cikinta a lokacin, ta buɗe ƙofa, masu ceto suka yi ta kwarara daga ƙasashe daban-daban. Niyya kam akwai ta, tsari ne babu. Kowa da harshensa, kowa da salon aikinsa, sai a binciki gini ɗaya sau biyu alhali wani can ba a ko leƙa shi ba. Waɗanda suka sha wannan wahala su ne suka zauna suka shata ƙa'idoji, kuma a Disamba 2002 Babban Zauren Majalisar ya amince da su a ƙuduri mai lamba 57/150.

Daga 2005 aka fara tantance ƙungiyoyi, takwarorinsu na wasu ƙasashe ne ke jarraba su. Babbar ƙungiya dole ta iya aiki a wurare biyu lokaci guda, dare da rana, har kwana 10. Matsakaiciya kuwa wuri ɗaya, kwana 7. Kowace sai ta zo da ruwanta da abincinta da tantunanta, kada mai taimako ya zame wa masu gida kaya. A bakin aiki akwai alamun da kowa ya sani. Idan aka busa usur mai tsawo sau ɗaya, sai a kashe injuna, kowa ya yi tsit, a kasa kunne ko za a ji ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin siminti. Gajeru uku kuwa, a gudu, gini zai rufta.

Ɓangaren likitoci ya makara wajen samun irin wannan tsari, sai da Haiti ta girgiza a Janairu 2010. A nan ƙungiyoyin ƙetare sun tono mutum sama da 130 da rai, adadi kaɗan idan aka dubi waɗanda maƙwabta suka zaƙulo da hannu tun a sa'o'in farko. Likitoci kuma sun zo birjik, wasu ba kayan aiki, aka yi ta ƙorafin yanke ƙafafu da hannuwa ba tare da an bi lafiyar majinyaci daga baya ba. Wannan ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata ma'auni mai hawa uku: masu duba marasa lafiya a sallame su, masu tiyata da kwantarwa, sai asibitin tafi-da-gidanka mai sashen kulawa ta musamman. A ƙarshen shekarar aka fara aiki da shi a Filifins, bayan guguwar Haiyan.