3.2 Gudun Harsashi da Tasirinsa a Yaƙin Turawa da Daular Sakkwato

A wannan sashe za a duba abin da ake kira gudun harsashi, wato saurin da harsashi ke fita da shi daga bakin bindiga, wanda ake aunawa da mita a kowace daƙiƙa. Dalili shi ne, akasarin masu bayanin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 sukan tsaya ne a kan yawan harsasan da bindigar Maxim ke zubarwa. A ganin mai wannan bincike, bayanin bai cika ba sai an haɗa da gudun harsashin kansa.

Wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Robins, shi ya fara auna wannan gudu, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1742. Yakan rataye katako mai nauyi, ya harbe shi, sannan ya lissafa gudun daga nisan lilon da katakon ya yi. Ƙa'idar ita ce, idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun harsashi yakan ninka sau huɗu. Haka kuma harsashi mai sauri yakan isa inda aka nufa kafin nauyinsa ya ja shi ƙasa sosai, saboda haka ko maharbi ya yi kuskure wajen ƙiyasta nisa, zai iya samun abin da ya auna.

Bindigar toka da 'yan bindigar sarakunanmu suka riƙe ba ta da zane a cikin bututunta. Harsashinta dunƙulalle ne, ba ya juyawa daidai, iska kuma tana rage masa gudu nan da nan. Da wuya ta sami mutum da ya wuce nisan mita 100, ga hayaƙi, ga jinkirin ɗuri. Su ma Turawan Ingila sun daɗe da baƙin albarushi: bindigarsu Martini-Henry ta 1871 gudun harsashinta bai wuce kimanin mita 410 ba. Canjin ya zo ne a 1884, lokacin da Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, sai Ingila ta biyo da nata, cordite, a 1889. Da wannan ne harsashin .303 ya haura mita 600 a daƙiƙa.

Ke nan barden da ya zaburo doki a Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, ya shiga hannun harsashi tun yana nesa da inda mashinsa ko bindigar toka za su yi amfani. Lifidi kuwa don kibiya da mashi aka ɗinka shi.

Sai dai wannan fifiko yana bukatar tazara da shiri. A Satiru, ranar 14 ga Fabrairu, 1906, talakawa masu gatari da fartanya sun auka wa sojojin Turawa kafin su gama jeruwa, suka kashe Razdan Hillary, suka kuma ƙwace bindigar Maxim. Da Turawa suka dawo a watan Maris, sun tsaya a jere tun daga nesa suka buɗe wuta, sannan suka rushe garin.