Intanet a gida da ofis: Yadda rauta ke aiki da hanyoyin kare ta

A yawancin gidaje da ƙananan ofisoshi, na'ura guda ce ke haɗa kwamfutoci da wayoyin salula da intanet. Ana kiranta rauta.

Ita ce ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa, ta waya ko ta katin sim, sannan ta rarraba wa sauran na'urori, ta kuma bai wa kowacce lambar shaida da ake kira adireshin IP.

Saboda haka duk saƙon da zai shiga ko ya fita, sai ya bi ta kanta.

Waya ko iska

Akwai hanyoyi biyu na haɗa na'ura da rauta. Ta farko ita ce wayar Ethernet, wadda ta fi ƙarko, amma ba a so tsawonta ya wuce mita 100.

Ta biyu ita ce Wi-Fi, wadda aka fitar da ƙa'idojinta na farko a shekarar 1997. Galibin rautoci na watsa ta a kan zango biyu. Zangon 2.4 GHz ya fi cin nisa da ratsa bango, shi kuwa na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya nisa sosai.

Bangon siminti da ƙarafa na rage ƙarfin Wi-Fi, don haka an fi son a ɗora rautar a sama, a tsakiyar gida.

Idan intanet ta ɗauke

Abu na farko shi ne a gano inda matsalar take. Idan na'ura ɗaya ce kaɗai ta kasa shiga, to daga ita ne. Idan kuwa duka ne, sai a duba fitilun rautar da wayoyin da ke jikinta, a kuma tabbatar data ba ta ƙare ba.

Kashe rautar na tsawon daƙiƙa 30 sannan a kunna yakan warware matsaloli da dama. Idan hakan bai yi ba, sai a tuntuɓi kamfanin sadarwa.

Tsaro

Rauta na da kalmomin sirri biyu: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga shafin sarrafa ta, wanda akan samu a adireshi irin su 192.168.1.1. Mutane da yawa kan bar ta biyun yadda kamfani ya sa ta.

A shekarar 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da irin wannan sakaci ta kame dubban rautoci da kyamarori. Da su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka harin da ya hana jama'a shiga shafuka kamar Twitter da Netflix. A shekarar 2024 Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin ganewa.

Ya kamata a sauya kalmomin biyu da masu tsawo, a zaɓi tsarin kariya na WPA2 ko WPA3, a guji tsohon tsarin WEP da aka gano rauninsa tun 2001, a kuma riƙa sabunta manhajar rautar.

A ofis kuwa, yana da kyau a ware wa baƙi Wi-Fi ta daban, domin kada su kai ga kwamfutocin aiki.