Darasin Binciken Jin Ra'ayi na 1936 a Amurka

A shekarar 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10 ta gidan waya, domin sanin wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Mutane fiye da miliyan 2 suka cike suka mayar, mujallar ta ba Alf Landon kashi 57 cikin ɗari. Da aka kaɗa ƙuri'a, sai Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48.

Kuskuren kashi biyu ne. An tsamo yawancin sunayen daga littattafan tarho da rajistar motoci, abubuwan da talakawa da yawa ba su mallaka ba. Sa'an nan masu adawa da Roosevelt sun fi magoya bayansa himmar mayar da amsa. George Gallup kuwa, da ya tura ma'aikata su tambayi talakawa baki da baki, ya dace da adadi kaɗan.

Saboda haka, duk ma'aikacin da zai maye gurbin mai tambaya da fom ko intanet, ya fara tunanin waɗanda za su yi shiru, musamman marasa karatu.