Daga Baƙon Zango Zuwa Baƙon Haure: Tamale da Dokar Korar Baƙi ta 1969

Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firaminista Kofi Abrefa Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama a Ghana wa'adin mako biyu: ko ya samo takarda, ko ya tattara nasa-ya-nasa ya bar ƙasar. A Tamale da ke arewacin ƙasar, umarnin ya faɗa kan mutanen da da yawansu a garin aka yanke musu cibi. Yaya aka yi mutumin da ya buɗe ido a unguwarsu ya wayi gari baƙon haure? Amsar tana farawa ne daga hanyar goro.

Zamanin ayari

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja, su sauke a kasuwar Salaga, su komo da goron ƙasar Asante. Baƙunci a lokacin yana da tsarinsa. Sarkin ƙasa ya ba da fili a gefen gari, baƙi su kafa zango su naɗa shugabansu, fatoma ya sauki ɗan kasuwa ya tsaya masa a ciniki. Shaidar mutum ita ce maigidansa da amanarsa.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa wannan babbar kasuwa. Mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Accra da garuruwan Dagbon. Cikinsu har da mashahurin malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi har rasuwarsa a 1934.

Layin da Bature ya ja

A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagbon gida biyu: Yendi, fadar sarkinta Ya Na, ta faɗa hannun Jamus, ɓangaren Tamale ya faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya suka zama talakawan gwamnati biyu ba tare da an shawarce su ba. A 1907 Ingilishi suka ɗauke hedkwatar yankin arewa daga Gambaga suka kai Tamale, garin ya shiga cika: sojoji da malamai, mahauta Hausawa, Mosawa masu fataucin dabbobi, da Yarbawa daga Ogbomosho da Igboho da Shaki, waɗanda a hankali suka riƙe rumfuna masu yawa a babbar kasuwa.

Gwamnatin mulkin mallaka tana maraba da waɗannan mutane, domin gonakin koko da ramukan zinariya na kudu suna buƙatar ƙwadago. Sai dai ta gina mulkinta a kan rarraba jama'a. Farar fata na sama da kowa, baƙar fata kuma an kasa su ƙabila-ƙabila, kowace da "ƙasarta" da sarkinta. Mutanen zango ba su da gurbi a wannan lissafi, sai aka bar su a matsayin baƙi komai daɗewarsu. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato baƙunci abu ne mai wucewa. A littafin gwamnati kuwa ya zama gado, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Bayan samun 'yanci

Ghana ta samu 'yanci a 1957, kuma a shekarar ce aka fara juya wannan gado ya zama makamin siyasa. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu masu goyon bayan 'yan adawa, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Sun garzaya kotu cewa su 'yan Ghana ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu ta kashe shari'ar. Ƙidayar 1960 ta nuna kusan kashi 12 cikin 100 na mazauna ƙasar asalinsu daga waje ne. A 1963 aka yi dokar baƙi mai wajabta takardar zama, amma mutanen da iyayensu suka shigo da ƙafa kafin a san fasfo ba su ga dalilin nemanta ba.

Da farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, aiki ya yi wuya, sai yatsa ya koma kan baƙi. Wa'adin Busia ya yi kaɗan ƙwarai, ofisoshin jakadanci ba su iya biyan buƙatar masu neman takardu ba, kuma haihuwa a Ghana kaɗai ba ta isa hujja ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita zuwa Najeriya da Nijar da Togo da Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau. A Tamale mafi yawan Yarbawa sun tafi, sun karyar da haja da gidaje a wulaƙance, rumfunansu suka koma hannun wasu. Waɗanda suka rage a zanguna suka zauna cikin fargaba, domin inda babu takarda, suna da harshe da babbar riga su ne ke yi wa mutum shaida ko su tona shi. Tattalin arziki bai farfaɗo ba, gonakin koko sun rasa ma'aikata, soja suka hamɓarar da Busia ranar 13 ga Janairu, 1972. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka koma gida.

Abin da ya rage a yau

Masu bin muhawarar shige da fice a Amurka sun san launin fata na tsakiyarta, kuma tushen ya daɗe: dokar 1790 ta keɓe wa fararen fata damar neman zama 'yan ƙasa. Tarihin Tamale ya nuna cutar wariya ba ta buƙatar bambancin launi. Mai kora da wanda aka kora duk fatarsu ɗaya, amma an sami abin da za a rarrabe su da shi.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna su zauna kwana 90 ba biza. Kundin tsarin mulkin 1992 ya ɗora zama ɗan Ghana a kan iyaye ko kakanni. Duk da haka Fulani da wasu 'yan zango na kokawa cewa idan suka je neman katin ɗan ƙasa ana tsananta musu tambaya saboda sunansu. Kowace ƙasa na da haƙƙin sanin masu shigowa cikinta, amma ta auna kowa da ma'auni ɗaya. Mu ma akwai nauyi a kanmu: a yi wa kowane jariri rajistar haihuwa, a adana takardun gidaje da rumfuna, sarakunan zango da limamai su rubuta tarihin zuriyoyinsu tun dattawan da suka ga 1969 suna raye.