Nisan Tafiya a Jirgin Sama Tsakanin Kano da Maiduguri

Tazarar da ke tsakanin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da ke birnin Kano da Filin Jirgin Sama na Maiduguri ta kusa kilomita 500, idan aka ja layi miƙaƙƙe daga wannan zuwa wancan. A ma'aunin matuƙa jirgi, wato milin ruwa, nisan ya kai kimanin 270. A tikiti da jikin jakunkuna ana rubuta KAN domin Kano, MIU domin Maiduguri, filin da Gwamnatin Tarayya ta sanya wa sunan Muhammadu Buhari a 2023.

Biranen biyu suna kusan kan layi ɗaya, saboda haka jirgin da ya tashi daga Kano gabas yake dosa kai tsaye, ya ratsa sararin samaniyar Jigawa da arewacin Bauchi da Yobe kafin ya sauka a Borno. Jirgin fasinja na zamani yana cinye wannan tazara cikin kusan awa ɗaya. Sai dai jirgi ba ya bin layin taswira daidai wa daida: akwai hanyoyin sama da hukumar NAMA ke kula da su, akwai kewayen da ake yi kafin sauka, ga kuma iska, wadda kan tura jirgi gaba ko ta riƙe shi.

Abin da ya fi shafar aljihun matafiyi shi ne, galibin jiragen cikin gida Abuja da Legas suke dosa. Wanda bai samu jirgi kai tsaye ba, sai ya bi ta Abuja: kimanin kilomita 360 daga Kano, sannan kusan 710 daga Abuja zuwa Maiduguri. Jimilla ta haura kilomita 1,000, wato ninki biyu na ainihin tazarar har da ɗori, ban da kuɗin tikiti biyu da zaman jira. Wannan ne ya sa da yawa suke gwammace hanyar mota ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, mai tsawon kusan kilomita 600, duk da shingayen bincike da ke gabashinta.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya fara jigila daga Khartum zuwa Kano, yana yada zango a Maiduguri. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu sukan biyo ta Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy (Injamena a yau) da Sudan, har zuwa Alƙahira.

Mai shirin tafiya tsakanin Disamba da Fabrairu ya sa hazo a lissafinsa. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe filayen biyu, har matuƙi ya kasa hango titin sauka. A irin wannan rana ana jinkirta tashi, ko a soke shi baki ɗaya, kuma hukumar NiMet ce ke fitar da gargaɗin.