Colorectal Cancer Alliance: ƙungiyar da ke yaƙi da sankarar babban hanji a Amurka

Colorectal Cancer Alliance ƙungiyar agaji ce mai zaman kanta da ke da hedikwata a birnin Washinton na Amurka. An kafa ta a 1999, kuma waɗanda suka assasa ta majinyata ne da iyalan da cutar ta taɓa. Aikinta ya tsaya a kan abu uku: jawo mutane su yi gwaji kafin cuta ta bayyana, tallafa wa masu jinya, da zuba kuɗi a binciken magani.

Sankarar babban hanji da dubura ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya, kuma ta biyu wajen kisa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne ke kamuwa da ita a shekara, fiye da 900,000 kuma suna mutuwa. Galibi tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda yakan shafe kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗa ya zama daji. Idan likita ya leƙa hanji da siririn bututu mai kyamara ya ga tsiron, nan take yake cire shi, sai a katse cutar tun ba ta soma ba. A Amurka, cikin mutum 10 da aka gano cutar ba ta yaɗu ba, kusan 9 suna raye bayan shekara 5. In ta kai hanta ko huhu, masu tsira kan ragu ƙwarai.

Saboda haka ƙungiyar ta fi ba gwaji ƙarfi. Babban abin da take yaƙa shi ne kunyar maganar bahaya da dubura. Kowace shekara, ranar Juma'ar farko ta watan Maris, tana kira ga jama'a su sa shuɗin tufa domin tunatarwa. A 2022 ta haɗa kai da ɗan fim Ryan Reynolds, wanda ya yarda aka ɗauki bidiyon nasa gwajin, aka kuma samu tsiro aka cire. Tana kuma bayyana cewa akwai gwajin bahaya da ake yi a gida sau ɗaya a shekara, yayin da leƙen hanji ake maimaita shi bayan shekara 10 in ba a ga komai ba.

Cutar na ƙaruwa a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 50. Mutuwar ɗan fim Chadwick Boseman a 2020 yana da shekara 43 ta ja hankalin duniya ga wannan. A 2021 aka rage shekarun fara gwaji a Amurka daga 50 zuwa 45. Baƙar fatar Amurka sun fi fararen fata kamuwa da cutar da kuma mutuwa da ita.

Ga masu jinya, ƙungiyar tana da layin waya na kyauta da ma'aikatan da ke yi wa majinyaci jagora kan asibiti, inshora da neman tallafin kuɗi. Tana haɗa sabon majinyaci da wanda ya riga shi shiga jinyar, tana kuma da dandalin tattaunawa a Facebook. Kuɗin bincike kuwa daga gudummawar jama'a da tattakin tara kuɗi suke fitowa.

A Nijeriya, majinyata da yawa kan isa asibiti bayan cutar ta yi nisa, sau da yawa domin an ɗauki jinin bahaya a matsayin basir. Alamomin da likitoci ke cewa kada a yi sakaci da su sun haɗa da jini a bahaya, sauyin yanayin bahaya na makonni, ciwon ciki mai naci, rama ba dalili da ƙarancin jini. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, ana ba shi shawarar ya fara gwaji tun kafin ya kai shekara 45.