Shan Hantsi da Ƙarfin Ƙashin Jarirai a Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi al'adar fitar da jarirai hantsi a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, ta auna ta da abin da ilimin likitanci ya tabbatar game da bitamin D, kalsiyam da ciwon shawara. An bi hanyar nazarin ayyukan da suka gabata, aka gwama su da yanayin ƙasa, abinci da al'adun jego na yankin. Matsayin maƙalar shi ne, a ƙasar da rana ba ta yankewa, ƙarfin ƙashin yaro ya fi rataya a kan halin da uwarsa take ciki tun tana da juna biyu, da abin da yake ci bayan yaye, fiye da mintunan da ya yi a hantsi.

1. Gabatarwa

Daga biranen Turai masu hayaƙi aka fara danganta rana da ƙashin yara. A 1822 likita Jędrzej Śniadecki ya lura ciwon laushin ƙashi ya fi yawa ga yaran lungunan Warsaw fiye da na ƙauyukan kewaye. A 1919 Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Berlin da hasken fitila, Hess da Unger suka yi hakan da hasken rana a New York a 1921, sannan McCollum ya laƙaba wa sinadarin suna bitamin D a 1922. Daga nan shawarar "a fitar da jariri rana" ta shiga littattafan koyar da ma'aikatan jinya, ta bi su har Afirka. A Habasha ta sami gindin zama, kuma da dalili: binciken Muhe da abokan aikinsa a Adis Ababa, wanda mujallar Lancet ta buga a 1997, ya nuna laushin ƙashi ya ninka sau 13 a tsakanin yara masu ciwon huhu idan aka kwatanta da sauran yara.

Amma Agye ba Warsaw ba ce, ba kuma tsaunukan Habasha ba. Tambayar ita ce me wannan shawara za ta ƙara wa jaririn da aka haifa a garuruwan yankin kamar Cadawa ko Gangara ko Tsibiri.

2. Yankin nazari

Gundumomin uku suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, Gidan Rumji yamma da birnin Maraɗi, Agye da Gazawa a gabas kafin Tasawa. Gazawa ma a cikin Agye take har 2011 da aka ɗaga ta gunduma. Dukkansu suna wajen digiri 13 da rabi arewa da ikwaita, saboda haka rana na tsayawa kan kai a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma ko a Disamba tana haura digiri 50 da tsakar rana. Wannan ya bambanta yankin da birni kamar Boston, inda Webb, Kline da Holick suka nuna a 1988 cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu fata ba ta samar da bitamin D daga rana. A nan babu irin wannan watan, sai dai hazon hunturu da ke rage ƙarfin hasken.

Matsalar da ta yi wa yaran yankin katutu tamowa ce. A cikin yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, a 2007 kuma ta raba abincin ƙari mai madara ga yara kimanin 60,000 a gundumar Gidan Rumji kaɗai. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2012 ta nuna matsakaicin haihuwar mace a jihar ya wuce takwas. Duk maganar ƙashin yaro a nan dole ta tashi daga wannan tushe.

3. Hantsin da ake sha da hasken da fata ke buƙata

Ba duk hasken rana ke haifar da bitamin D ba. Wani siririn sashe ne da ake kira UVB, mai tsawon zango tsakanin nanomita 290 da 315, yake juya wani sinadari da ke cikin fata, hanta ta karɓa ta gyara, ƙoda ta kammala, sannan hanji ya iya tsotso kalsiyam daga abinci. Idan rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta na ratsa iska mai kauri, yawancin UVB ya tsaya a sama. Ma'aunin da kowa zai iya amfani da shi inuwa ce: muddin inuwar mutum ta fi shi tsawo, abin da fata ke samu kaɗan ne. Lissafin kusurwar rana a wannan yanki ya nuna inuwa ba ta daidaita da tsawon mutum sai wajen tara da rabi na safe a Maris da Satumba, a Disamba kuwa sai bayan goma da rabi.

To, yaushe ake fitar da jariri? Yawanci da sanyin safiyar hunturu, bayan wanka, a shafe shi da mai, a sa masa hula da safa, a naɗe shi da zani, kaka ko goggo ta zauna da shi a jikin katanga inda hantsi ya fara bugawa. Ɗumi ake nema, kuma ana samu. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga jaririn da jikinsa bai iya riƙe zafi ba. Amma a ma'aunin bitamin D, an haɗa abubuwa huɗu da ke rage shi: ranar da ba ta ɗaga ba, hazo, tufafi, da baƙar fata wadda ke buƙatar lokaci fiye da fara. Lokacin da hasken ya yi ƙarfin da ake so kuma, zafi ya riga ya fara cizo. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na wuce digiri 40, kuma jariri na saurin bushewa. Uwar da ta janye ɗanta zuwa gindin gawo ko rumfa da walaha ta fi littafin gaskiya.

Adadin da aka fi yawan ambata, minti 30 a mako ga jaririn da ba ya sanye da komai sai ƙyallen tsuguno, ko awa 2 ga mai tufafi ba hula, daga binciken Specker ne na 1985 a Cincinnati ta Amurka. Ɗauko shi a ɗora wa Gazawa ganganci ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita kanta tana cewa kada a bar jariri ɗan ƙasa da wata 6 a rana kai tsaye, kuma matsayar ƙwararru ta duniya kan laushin ƙashi ta 2016 ta zaɓi ɗigon bitamin D, ma'aunin IU 400 kullum daga haihuwa zuwa wata 12, saboda babu wani adadin rana da za a ce ya wadatar kuma ba ya cutarwa ga kowane jariri.

4. Uwa ce taskar farko

Jariri na zuwa duniya da guzurin bitamin D da ya ɗiba ta mahaifa, kuma yawansa ya dogara ga na uwar. Nono, duk da cikarsa ta sauran fuskoki, bitamin D ɗinsa kaɗan ne. Hollis da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa sai uwa ta sha IU 6,400 kullum nononta ke wadatar da jariri ba tare da ɗigo ba.

Nan ne bambancin zamantakewa ke shigowa. Matar ƙauye da ke zuwa gayauna, ta yi sussuka da daka a tsakar gida, ta je rijiya da goyo a baya, ita da ɗanta suna samun rana ba tare da wani ya tsara musu ba. Waɗanda ya kamata ma'aikacin lafiya ya sa wa ido su ne amaryar da ke cikin kulle a gidan da ya cika da gine-gine, da mai jegon da ke kwana arba'in tsakanin ɗaki da wurin wanka, da wadda ta yi kunika, ciki na biye da goyo jikinta bai farfaɗo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowace mai ciki bitamin D ba, sai wadda aka ga alamar tana da ƙaranci. Abin da ke hannun iyali ba ya buƙatar kuɗi: mai ciki da mai jego su riƙa zama a tsakar gida, inda babu baƙon ido, hannuwa da ƙafafu a buɗe, na ɗan lokaci kafin rana ta take. Tun da surukai da ungozomomi ke tafiyar da jego, su ne za a fara yi wa bayani, kuma wurin awon ciki ya fi dacewa da maganar.

5. Idan rana ta wadata amma ƙafa ta lanƙwashe

Shaida mafi kusa da Maraɗi daga Jos take. A 1999 Thacher, Fischer, Pettifor da abokansu suka buga gwajin da suka yi kan yara 123 masu laushin ƙashi a New England Journal of Medicine. Bayan mako 24, kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai sun kai matakin warkewa, kashi 58 na waɗanda aka haɗa wa kalsiyam da bitamin D, amma kashi 19 kacal na waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Yaran na cin kalsiyam kimanin miligiram 200 a rana, alhali matsayar 2016 ta ce ƙasa da 300 haɗari ne, sama da 500 ne ya wadatar. Rana ba ta gaza musu ba, kwano ne ya gaza.

Abincin Jos masara ne, na Maraɗi gero, amma aibinsu ɗaya: kalsiyam kaɗan, ga sinadarin faitet da ke ɗaure ɗan abin da ke akwai ya hana hanji ɗauka. Furar da aka dama da nono sosai tana cike giɓin. Wadda aka dama da ruwa da ɗan tsami, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa idan bazara ta tsananta shanu suka tsotse, ba ta cikewa. Kanwar kunun mai jego kuma gishirin sodiyam ce, ba ta ƙara wa ƙashi komai. Kuka, zogale, riɗi da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu sun fi kusa da aljihun talaka, kuma ayarin Jos ya gwada garin kifi da garin dutsen farar ƙasa a 2015 ya ga dukkansu suna warkarwa. Yaron da ya makara bai yi tafiya ba, ko wuyan hannunsa ya kumbura, ko maɗigarsa ta daɗe ba ta rufe ba, ko ya fara gwame, tambayar farko da za a yi wa uwarsa ita ce me yake ci tun da aka yaye shi.

6. Ciwon shawara

A nan kuskure kan ci rai. Gaskiya ne haske na narkar da sinadarin da ke sa jariri rawaya, abin da ma'aikaciyar jinya Jean Ward ta fara lura da shi a asibitin Rochford na Ingila a 1956. Gaskiya ne kuma gwajin Slusher a Legas, na 2015 kan jarirai 447, ya sami hasken rana yana aiki a kashi 93 cikin 100 na ranakun jinya, fitilar asibiti kashi 90. Sai dai rana ce da aka tace da leda ta musamman mai tare UV da wani sashe na zafi, ma'aikata na auna zafin jikin jariran a kai a kai, ana kuma auna jininsu. Shimfiɗa jariri a tsakar gida ba shi ne wannan ba, kuma kwanakin da ake jira a ga ko rana za ta yi aiki su ne kwanakin da cutar ke taɓa ƙwaƙwalwa ta bar kurumta ko shanyewar jiki.

Amfanin fitowa da jariri waje a makon farko, kafin suna, shi ne a gan shi. A ɗakin laka mai ƙaramar taga ba a gane rawaya a baƙar fata. A hasken safiya ungozoma za ta duba farin ido da dasashi, ta danna goshi ko hanci ta saki. Rawaya a ranar farko, ko wadda ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko jaririn da ya daina kama nono, sai asibiti nan take, kuma tun 2006 dokar Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. A kuma fitar da kafur daga akwatin kayan jariri, domin yana fasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma.

7. Tsarin binciken fili

Tambayar uwa ko tana fitar da ɗanta rana ba za ta ba da amsa mai amfani a waɗannan gundumomi ba, don kusan kowa zai ce i. Ya kamata a auna bitamin D a jinin uwa da jariri tare, sau biyu, a Janairu da kuma Agusta lokacin da hatsi ke ƙarewa a rumbu, a rarrabe matan kulle na cikin garuruwan Agye da Tsibiri da matan da ke noma a ƙauyukan Gangara da Cadakori, a rubuta ƙarfe nawa jariri ke fita da abin da ke jikinsa, sannan a auna yawan nonon shanu da ke shiga furar yaro daga wata 6 zuwa shekara 3.